Barin Wa Allah Ba Barin Gaskiya Ba Ne: Begen Kirista a Kwandere da Kewayen Lafia

Akwai maganar da ake yawan ji a gidajen makoki na ƙasar Lafia, daga bakin Kirista da Musulmi baki ɗaya: "Na bar wa Allah." Matar da aka kashe mijinta a gona tana faɗinta. Manomin da aka cinye masa rogo a dare ɗaya yana faɗinta, haka ma tsohon ma'aikacin da ya shekara da shekaru yana bibiyar kuɗin fanshonsa. Masu nazarin zamantakewa da dama suna ɗaukar wannan magana a matsayin alamar karaya, wato mutum ya ga ba shi da ƙarfi sai ya lulluɓe rauninsa da addini. Ra'ayin wannan maƙala dabam ne. A koyarwar Kirista, wanda ya bar wa Allah abu ɗaya tak ya ajiye, shi ne ɗaukar fansa da hannunsa. Faɗin gaskiya yana nan a wuyansa, neman haƙƙi a gaban hukuma yana nan, fartanyarsa ma tana nan a kafaɗarsa. Duk inda aka haɗa waɗannan aka jingine su da sunan bangaskiya, an ɓata koyarwar, kuma azzalumi ne ke cin ribar ɓatawar.

Kwandere wuri ne da ya dace a tsaya a duba wannan batu. Tsohon garin Gwandara ne a gefen Lafia, mai sarautar Sangarin Kwandere, kuma nan ne asalin Umaru Tanko Al-Makura, gwamnan Jihar Nasarawa daga 2011 zuwa 2019. Filin jirgin saman Lafia da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a 2022 a ƙasar Kwandere yake. A garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye akwai Eggon da Alago da Migili da Tiv da Fulani da Barebari da Hausawa, kuma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa, ita ce kuma harshen sujada a majami'u da yawa. Kirista a nan maƙwabcin Musulmi ne na katanga ɗaya. A wasu gidajen, musamman na Eggon, wa yana zuwa masallaci, ƙane yana zuwa coci, tuwo kuma a akushi ɗaya. Saboda haka idan fasto ya hau bagade ya yi magana a kan "maƙiyanmu", masu sauraro suna ganin fuskokin mutanen da za su haɗu da su gobe a tasha.

Ikilisiyar wannan yanki ba baƙuwa ba ce. Ikilisiyar ERCC, mai hedikwata a Alushi kusa da Akwanga, ta tsiro daga aikin mishan ɗin SUM reshen Afirka ta Kudu tun farkon ƙarni na ashirin. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma da shi kakannin masu bi na yau suka koyi karatu. Darikar Angilikan ta kafa dayosis ɗinta na Lafia a 1999, Katolika kuma a 2000, inda Matthew Ishaya Audu ya zama bishop na farko. Waɗannan ikilisiyoyi sun girma tare da jihar, wadda aka cire daga Filato ranar 1 ga Oktoba 1996, kuma sun binne mutanensu a kowane rikicin da jihar ta gani.

Rikice-rikicen kuwa ba kaɗan ba ne. A Yunin 2001 aka kashe Sarkin Azara, Alhaji Musa Ibrahim, abin da ya jawo ramuwar gayya a kan Tiv a Awe da Keana da Obi har zuwa Lafia, dubban mutane suka bar gidajensu. A 2012 da 2013 aka shiga zamanin ƙungiyar Ombatse mai ɗauke da makamai, aka ƙona gidaje a Agyaragu da Assakio. Bayan dokar hana kiwon sake ta Binuwai ta fara aiki a Nuwamban 2017, ƙananan hukumomin kudancin Nasarawa suka sake cika da 'yan gudun hijira. A Yunin 2025 aka yi kisan Yelwata, a kan hanyar Lafia zuwa Makurɗi, inda mutum fiye da ɗari suka halaka a dare ɗaya, har Fafaroma Leo na 14 ya ambaci garin a addu'arsa ta Lahadi.

Cikin waɗannan duka, abin da ya faru bayan Alakyo ya fi kowanne haskaka batunmu. Ranar 7 ga Mayu 2013 aka tura ayarin 'yan sanda da jami'an hukumar tsaro ta farin kaya zuwa ƙauyen Alakyo, 'yan kilomitoci daga Lafia, domin kamo jagoran Ombatse. An yi musu kwanton ɓauna a hanya, aka kashe fiye da hamsin, wasu rahotanni ma sun ce sun haura saba'in. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike na shari'a a ƙarƙashin Mai Shari'a Joseph Fola Gbadeyan. Amma kafin a je ko'ina, shugabancin hukumar farin kaya ya fito ya ce ya yafe wa waɗanda suka kashe jami'ansa. Janar Buhari, wanda a lokacin yake ɓangaren adawa, yana cikin waɗanda suka soki wannan furuci, bisa hujjar cewa jami'in gwamnati ba shi da hurumin barin wa Allah al'amarin da doka ta ɗora masa. Wasu Kiristoci sun ji furucin hukumar ya yi musu daɗin ji, domin ya yi kama da wa'azin da suka saba. A ganina mai sukar ne ya fi kusa da koyarwar Manzo Bulus.

Dalili kuwa yana cikin wasiƙarsa zuwa ga Romawa. A ƙarshen sura ta 12 Bulus ya hana mai bi ramawa, ya ce hukunci na Allah ne. Nan take a sura ta 13 ya bayyana mai mulki a matsayin bawan Allah da aka ba takobi domin hukunta mai laifi. Rarraba littafin zuwa surori aikin mutanen baya ne, a asali maganar ɗaya ce a jere. An karɓe takobi daga hannun wanda aka zalunta ne domin an riga an miƙa shi ga hukuma. Gwauruwar ɗan sandan da ya mutu a Alakyo tana da ikon yafewa, domin ita aka yi wa rauni, kuma idan ta yafe ta yi abin da Almasihu ya koyar. Hukumar da aka ɗora wa bincike ba ta da wannan iko. Idan ta ce ta yafe, ta yi kyauta da abin da ba nata ba, ta kuma sanar da duk mai riƙe da makami cewa jini ba shi da tsada. Abin da ya biyo baya sananne ne: a 2014 an kai wa Alakyo kanta hari, aka zubar da wani jinin. Inda kotu ta yi shiru, daji ne ke yanke hukunci.

Bulus da kansa bai ɗauki haƙuri a matsayin rufe baki ba. A Filibi, bayan an yi masa bulala an jefa shi kurkuku ba tare da shari'a ba, mahukunta suka aiko a sallame shi a ɓoye. Ya ƙi fita sai sun zo da kansu, domin shi ɗan ƙasar Roma ne kuma an taka doka a kansa. Daga baya, da ya ga ana neman sayar da shari'arsa, ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Misalin da Yesu ya bayar a Luka sura ta 18 domin koyar da naciya cikin addu'a ma na wata gwauruwa ne da ta yi ta sintiri ƙofar alƙali marar tsoron Allah har ya gaji ya ba ta haƙƙinta. Abin lura ne cewa da Yesu zai kwatanta mai addu'a, mai ƙara ya zaɓa. Labarin Nabot kuma kamar a Doma ko Obi aka yi shi: sarki ya yi sha'awar gonar gado ta talaka, talaka ya ƙi sayarwa, aka samo shaidun zur aka kashe shi. Annabi Iliya bai ɗauki makami ba, amma ya je har cikin gonar ya tsaya gaban Ahab ya kira laifin da sunansa. A yankin da kusan kowace husuma tana komawa kan gona da burtali da iyaka, ya kamata wannan labari ya fi yawan fitowa a bagade fiye da yadda yake fitowa.

Yanzu sai ƙalubalen da ba za a kauce masa ba. Tun 1844 Karl Marx ya kwatanta addini da maganin sa maye da ke kwantar wa talaka raɗaɗi ba tare da warkar da ciwon ba. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san zargin yana da ƙamshin gaskiya. Mun ga ɗan siyasar da ke zuwa ta'aziyya da buhunan shinkafa, ya ce a yi haƙuri, Allah zai saka, ya shiga mota, ba a ƙara jin ɗuriyar binciken ba. Mun ga wa'azin da ke sa mai kuka jin kunyar kukansa. Idan wannan ne begen Kirista, to Marx ya yi gaskiya.

Sai dai akwai abin da masu wannan zargi ba su cika gani ba, domin ba su tsaya a bayan majami'a ranar jana'iza ba. A ciki, matan Zumunta sanye da zane iri ɗaya suna waƙa da tulu da kacau-kacau, gwauruwa tana zaune a benci na gaba an riƙe ta hagu da dama. A waje, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, samarin gidan suna tsaye ba sa waƙa. Ɗaya yana cewa ya san rugar da maharan suka kwana, wani yana cewa akwai mai bindigar haya a ƙauye na gaba. Dattijon ikilisiya da zai fito ya same su ba shi da alƙawarin kotu da zai ba su, domin su ma sun san yadda ƙarar baya ta ƙare. Abin da ya rage masa shi ne ya ce musu jinin nan bai ɓace ba, akwai Mai shari'a da ya gani, kuma ba ya karɓar toshiya. Idan samarin suka gaskata, wata ruga da ba ta san hawa ba ta san sauka ba za ta kwana lafiya a daren. Masanin tauhidi Miroslav Volf, ɗan Kuroshiya da ya ga yaƙin da ya wargaza Yugoslabiya, ya kafa wannan hujja a littafinsa na 1996: mutumin da aka ƙona wa gida ba zai iya ajiye makami ba sai ya tabbata cewa Allah zai yi shari'a. Cewa Allah ba ya hukunta kowa ra'ayi ne mai sauƙin riƙewa ga wanda bai taɓa tattara gawar ɗan'uwansa ba. A ƙauyukan Lafia, bangaskiya ga ranar shari'a tana cikin 'yan abubuwan da ke tsayawa tsakanin makoki ɗaya da makoki goma.

Wannan bangaskiya tana da sharaɗin da yawancinmu ba ma son ji. Mai shari'ar da muke jira ba ɗan ƙabilarmu ba ne. Annabi Amos ya fara wa'azinsa da lissafa laifofin al'umman da ke kewaye, Dimashƙu da Gaza da Taya da sauransu, masu sauraro suna jin daɗi, sai ya juyo kan Yahuza da Isra'ila da tuhuma mafi tsawo. An zargi Ombatse da tilasta wa mutane rantsuwa har a coci da masallaci, kuma cikin samarin da suka bi ta akwai masu sunayen baftisma. A Janairun 2023 jirgin yaƙi ya jefa bam a Rukubi ta ƙaramar hukumar Doma, ya kashe Fulani makiyaya kusan arba'in waɗanda suka je karɓo shanunsu. Matansu ma gwauraye ne, 'ya'yansu ma marayu ne. Ikilisiyar da ta yi kuka don limaman Katolika biyu da masu sujada da aka kashe a Mbalom a Afrilun 2018, amma ta ga mutuwar Rukubi ta kawar da kai, nasarar ɓangarenta take nema, ko da ta kira abin adalcin Allah. Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma bai ce yana tambayar addinin mai shi ba. A Yunin 2018, a Nghar ta Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Duk tauhidin da ba shi da wurin ajiye wannan dattijo yana bukatar gyara.

A nan ne nake ganin hatsarin wata irin addu'a da ta yaɗu a shekarun nan, wadda ake kwana ana kiran wuta a kan maƙiya, ana ambaton su ɗaya bayan ɗaya. Masu yin ta sukan kafa hujja da Zabura, kuma gaskiya ne akwai zaburoyin fushi masu zafi. Amma mai zabura yana kai ƙararsa ne ya bar hukuncin a hannun wanda ya kai wa. Wanda ya riga ya yanke hukunci, ya zo yana ba Allah umarnin zartarwa, bai bar wa Allah komai ba. Yaron da ya girma yana jin wannan addu'a kowane dare, ranar da aka miƙa masa adda zai ɗauka amsar addu'ar ce ta zo.

Kada kuma a fahimci cewa ana hana kuka ne. Habakuk ya buɗe littafinsa da tuhumar Allah a kan jinkirinsa, yana tambaya har yaushe za a yi ta zalunci shari'a tana fitowa a karkace. Ayuba ya yi gardama sura bayan sura, abokansa suna ba shi amsoshi masu tsabta, a ƙarshe Allah ya ce Ayuba ne ya faɗi daidai, abokan ne suka yi kuskure. Emmanuel Katongole, limamin Katolika ɗan Yuganda, ya nuna a bincikensa na 2017 kan gabashin Kwango cewa mutanen da suka fi tsayawa wajen gina makarantu da kula da marayu su ne waɗanda suka fi iya kai kukansu gaban Allah ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma idan aka ce wa uwar da ta rasa ɗa "yi shiru, kada ki yi saɓo" tun gawar ba ta huce ba, an hana ta abin da Littafi Mai Tsarki ya ba ta.

Wahalar da ta fi shafar kowa a Kwandere yau ba ta bindiga ba ce kaɗai. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na taki da na magani suka yi tashin gwauron zabi, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. A Maris na 2024 ɗalibai mata biyu suka mutu a turmutsutsin rabon shinkafa a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. A irin wannan hali begen da ake bukata shi ne irin na Irmiya. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kansa yana tsare, sai ya sayi gona a Anatot, ya auna azurfa, ya sa hannu a takarda gaban shaidu, ya sa aka adana takardar cikin tukunya domin ta daɗe. Manomin doya na ƙasar Lafia ya san wannan aiki ko da bai taɓa karanta Irmiya ba. Yunwa tana cikin gida, 'yan sari suna ƙofa da kuɗi a hannu, amma irin doyar da ya ware yana rumbu a rufe da ciyawa, ba mai taɓa shi. Idan lokaci ya yi zai tara ƙasa tsibi-tsibi, ya binne abin da zai iya ci yau, ya jira watanni, alhali bai da tabbacin zai kai ga girbi lafiya. Masanin tauhidi Jürgen Moltmann, wanda ya zama mai bi a sansanin fursunonin yaƙi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya gina littafinsa na 1964 a kan wannan tunani: mai jiran mulkin Allah da gaske ba ya iya sabawa da duniya yadda take, jiran ne ke hana shi zama. Abin lura a labarin Irmiya shi ne takardar da shaidun. Mai bege yana ajiye shaida.

Saura tambaya mafi nauyi, ta waɗanda suka mutu ba su ga adalci ba. Ko da gobe kotunan Nasarawa suka gyaru, ba za su tayar da mutanen Assakio ko na Rukubi ba. Gyaran hukuma yana amfanar masu rai ne da waɗanda za a haifa. Fafaroma Benedict na 16, a wasiƙarsa ta 2007 kan bege, ya ce a ganinsa wannan ƙishirwar adalci ga waɗanda tarihi ya tattake ita ce hujja mafi ƙarfi ta gaskata rai madawwami. Kirista yana da abin da ya wuce hujjar hankali a nan. Ubangijinsa da kansa an yi masa shari'ar zur, da shaidun ƙarya da alƙalin da ya wanke hannu, aka gicciye shi, kuma tashinsa daga matattu shi ne soke wannan hukunci. Wanda ya gaskata haka yana iya ci gaba da bin ƙarar da ya san mai yiwuwa ba zai ci ba, domin sakamakon ƙarshe bai rataya a kan alƙalin Lafia ba. Yana kuma iya yafe wa mai laifi a zuciyarsa ranar Lahadi, ya je ya ba da shaida a kansa ranar Litinin, ba tare da ɗaya ya rushe ɗaya ba.

Kirana ga fastoci da limaman coci da dattawan ikilisiya na Kwandere da Shabu da sauran garuruwan Lafia a sarari yake. Kowace ikilisiya tana da littafin baftisma da na aure. A buɗe na uku, a rubuta sunan duk wanda aka kashe a yankin, da rana da wuri, har da maƙwabta Musulmi da makiyaya. Idan gwauruwa za ta je caji ofis ko kotu, kada ta tafi ita kaɗai, dattijo ya raka ta, lauyoyin da ke cikin ikilisiya su ba da lokacinsu. Idan mai laifin ɗan ikilisiya ne, kada a ɓoye shi. Idan kuma babban mutum ya zo ta'aziyya ya ce a bar wa Allah, a karɓi gaisuwarsa da mutunci, sannan a tambaye shi inda binciken ya tsaya.